Hayaƙin girki na hawa ɗakin kwana a gida marar bango tsakanin ɗakuna

Assalamu alaikum. Gidan haya ne a Kumasi, hawa na sama, falo da kicin a haɗe babu bango, silin mita 4.5 daga ƙasa. Wurin kwana na kan ɗan bene na katako, kusan saman murhu, ƙarfen kariya kawai ya kewaye shi.

Da an soya kifi ko shito (yajin barkono na Ghana da ake soyawa da mai), hayaƙi sai ya miƙe can. Katifa da labule sun kama ƙauri, fentin silin ya yi maiƙo har yana danƙo.

Mai tsara cikin gidan ta sa na'urar zuƙe hayaƙi, santimita 75 daga murhu, amma irin mai tacewa da gawayi ta maido iskar ɗaki, don mai gida ya hana huda bango. An canza matatar, a banza. Fanka ma ƙara watsa shi take yi.

Yanzu mai tsara gidan ta ce a cire gilashi biyu na tagar luba (mai jerin ƙananan gilasai) a fitar da bututu daga na'urar zuwa waje, mai faɗin inci 6, tsawon mita 3, da lanƙwasa biyu. Ina shakka. Masu sani, bututu mai wannan tsawo da lanƙwasa zai fitar da hayaƙin kafin ya hau benen?