Wuƙar sara: ta maƙeri ko ta kamfani? Ku ba ni shawara

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Abincin sayarwa nake dafawa, kullum sai na sara nama mai ƙashi, ga wuyan hannuna na dama yana damuna da ciwo, don haka ba na son mai nauyi. Wadda nake aiki da ita bakinta ya yi giɓi har wuri uku. Kuɗina na guda ɗaya ne tak. In sa maƙeri ya ƙera min, ko in ɗauki ta kamfani? Wanda ya riƙe su biyun nake son ji.

Jikan Maƙera: Wa alaikumus salam Hajiya. Ta maƙeri mana. Ki ce ya yi miki da sifirin ɗin mota, ya bar mata kauri da nauyi sosai, nauyin ne ke sara ƙashi. Baƙin ƙarfe yana ɗaukar kaifi, kuma da ya dakushe, ki goga a dutse sau kaɗan ya dawo.

Anti Mai Girki: Ni dai na bar baƙin ƙarfe. Ki yanka albasa ko lemun tsami ki manta ba ki goge ba, kafin ki juyo ta yi baƙi, gobe tsatsa. Ta kamfani ana zuba mata sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana tsatsa. Kuma ta fi araha, rabin kuɗin ta maƙeri na sayi tawa.

Jikan Maƙera: Rabi? Anti, ta kamfani mai kyau ta ninka ta maƙeri sau uku. Wadda kika saya falle ce aka datsa da inji.

Abban Yara: Ku bari in faɗa muku abin da ya same ni. Na ba wani maƙeri kuɗi gaba ɗaya, ya ce mako guda, sai da na yi wata biyu ina zarya. Da ta fito kuwa, kyau kamar me, kaifi har gashin hannu take askewa. Rana ta uku na ɗora ta kan ƙashin cinya, sara ɗaya, bakin ya ɓalle, gutsuren ya yi tsalle ya yanki ɗana a goshi, yana tsaye gefena. Da ya sauka ƙasa kaɗan da ido ne. Na koma wurin mutumin, ya ce wai ni ban iya sara ba. Ko sannu bai ce wa yaron ba. Har yau in na ga tabon nan raina sai ya ɓaci.

Maman Biyu: Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa, Abban Yara.

Baba Mahauci: Sannu ɗana. Abin da ya faru shi ne, maƙerin ya tsoma ƙarfen cikin ruwa yana jawur da zafi, ya yi tauri, bai sake mai da shi wuta kaɗan don ya saki ba. Ƙarfen da aka bari haka kamar gilashi yake. Ba laifin ƙira ba ne, laifin hannun da ya yi ne.

Abban Yara: Baba, to ni da ido ta yaya zan gane? Ta kamfani ko banza duk zafi ɗaya ake gasa su.

Ɗalibi: Gaskiya ne, ana auna taurin da ma'aunin Rokwel. Wuƙaƙen Jamus yawanci 56 zuwa 58 ne, na Japan sukan kai 60 ko fiye, shi ya sa na Japan suka fi riƙe kaifi amma suka fi saurin giɓi a kan ƙashi.

Jikan Maƙera: Malam, ka taɓa sara ƙashi kuwa, ko a waya ka karanta?

Baba Mahauci: Ƙyale yaro, maganarsa daidai ce. Shekara 30 ina wannan sana'a, mai tauri da yawa ba ta ƙashi ba ce.

Autan Gida: Hajiya ki sayi gatari kawai, rigima ta ƙare. 😂

Anti Mai Girki: Auta kenan! Hajiya, ki duba ƙota dai, ƙarfen ya ratsa har ƙarshe, da ƙusa uku. Tawa ta farko ƙotar ce ta fita ina tsakiyar aiki.

Baba Mahauci: Ni abin da ke ci min rai ma masu wasa wuƙa da inji ne. Su danna wuƙa kan dutse mai gudu, ba ruwa, har bakin ya koma shuɗi. Da kin ga shuɗin nan, ƙarfen ya ƙone, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin.

Abban Yara: Haka wani ya yi wa ta kamfanin da na saya daga baya, ya cinye min kusan faɗin yatsa.

Anti Mai Girki: Ga masu aro kuma. Maƙwabciyata ta karɓi tawa, ashe gwangwani ta buɗe da ita.

Maman Biyu: Na gode jama'a. Amma maganar wuyan hannun nawa fa? Baba, mara nauyi za ta iya ƙashi?

Autan Gida: Anti, ta dawo miki da wuƙar ma kuwa? Ni tawa wata huɗu ke nan.