Neman suna ga baƙin macijin nan na Turai

Malam Sani, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan macizai, sai na ci karo da wanda Turawan Ingila ke kira "black adder", na rasa sunan da zan ba shi. Shi ne wanda masana suka raɗa wa Vipera berus, ana samunsa daga Birtaniya har tsibirin Sakhalin da ke gabashin Rasha, kuma in ban da shi babu maciji mai dafi a Birtaniya. Da farko na rubuta "baƙin maciji", amma ina karantawa a aji duk yaran suka ɗauka kumurci nake nufi, har wani ya ɗaga hannu yana tambaya ko shi ma yana feshin dafi a ido. Ba ya feshi, ba ya fasa kai, tsawonsa ma da wuya ya wuce santimita 80.

Malama Hadiza, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga suna, ya kamata a gane cewa baƙin ba jinsi ne dabam ba, launi ne ya rinjaya a jikin wasu daga cikinsu. Yadda aka saba ganinsu, namiji ruwan toka ne, mace ja-ja, kowanne da zane mai lanƙwasa a gadon baya tun daga wuya har wutsiya. Saboda haka jinsin za mu fara sa wa suna. Ni dai "kasar Turai" nake gani, domin danginsu ɗaya da kasa, kuma dukansu 'ya'ya suke haifa da rai, ba ƙwai suke sakawa ba.

Malam Sani, Samaru:
Hujjarki ta haihuwa tana da ƙarfi, Malama, sai dai a duba yadda muke rubutu a waya. Yawancinmu ba ma sa ƙugiya, don haka duk wanda ya ga "kasar Turai" zai karanta "ƙasar Turai", jimlar "kasar Turai ta sari yaro" kuwa ta zama abin dariya. Ban da haka, wanda ya taɓa ganin kasa kwance a kunyar gona, da kaurinta kamar damtsen ƙato, ba zai yarda a haɗa ta da wannan siririn ba.

Alhaji Garba, Ƙofar Doka:
'Ya'yana, ku koma ga kububuwa. Ita ce ta yi kusa da shi a girma, ga zane a baya, ga ƙwayar ido tsagaggiya a tsaye irin ta kyanwa, kuma ita ma danginsu ɗaya. Na yarda tamu ƙwai take sakawa, dafinta kuma ya fi muni nesa ba kusa ba, shi ya sa muke mata kirari da gobe da nisa, alhali a Birtaniya rabon da saran nasu ya kashe mutum tun 1975. Amma kalmar "Turai" ta isa ta nuna ba tamu ake nufi ba.

Batun baƙin shi ne ya fi jan hankalina, domin na tashi kusa da marina. Idan aka tsoma zane mai ado a karofi aka maimaita, yakan fito baƙi wuluk, amma in ka ɗaga shi a rana sai ka hangi tsohon adon a ƙarƙashin baba. Haka wannan macijin yake. Galibi da zanensa ake haifarsa, yana girma yana duhu, har zanen ya ɓace sai an lura da kyau a hasken rana. An fi samun irinsa a wuraren sanyi da kan duwatsu, saboda baƙin jiki ya fi saurin ɗaukar ɗumin rana, abin da maciji ke matuƙar bukata bayan ya kwashe watannin hunturu kwance a rami. Don haka na fi son "rinanniya" a kan "baƙa".

Malama Hadiza, Tudun Wada:
Na janye tawa, Baba. Wani amfanin "rinanniya" shi ne za ta zauna a matsayin kishiyar "zabiya" ga kowace dabba, har damisar da ake samu baƙa.

Malam Sani, Samaru:
Allah Ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Na rubuta "kububuwar Turai" ga jinsin, da "rinanniyar kububuwar Turai" ga baƙar, kuma ranar Litinin zan karanta wa ajin nan in ji ko za a sake ambaton kumurci.