Yanar ido: gilashi mai gani ɗaya ko mai gani uku za a dasa min?

Mai Keken Ɗinki:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar ido ko aka taɓa yi musu aiki. Na haura shekara sittin, ɗinki ne sana'ata, kuma ina da ciwon suga da na daɗe ina shan maganinsa. Idon dama ne ya fara. Baƙin zare da shuɗi mai duhu suka zama abu ɗaya a wurina, farin yadi sai in gan shi ya yi ɗorawa-ɗorawa, da dare kuwa in fitilar mota ta haske ni sai hasken ya watse ya rufe min titi. Likita ya duba ya ce yana ce, ta isa cirewa, na hagun ma ta soma.

Inda kaina ya ɗaure shi ne zaɓin da ya ba ni. Ya ce in an cire yanar za a dasa ɗan gilashi a gurbin na halitta. Akwai mai gani ɗaya: zan ga nesa tar, amma sai da tabarau zan zura allura. Akwai mai gani uku, nesa da tsaka-tsaki da kusa, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kuma ana iya yin aikin da leza, ita ma da ƙarin kuɗinta. Yarana sun ce a yi mafi tsadan, su za su biya. Ni dai burina in zura allura, in kuma tuƙa kaina gida da dare lafiya. Wanne ya dace da ni? Na kuma ji an ce an kusa fito da maganin ɗigawa mai narkar da yana. In haka ne, ko in jira?

Nas a Ɗakin Tiyatar Ido:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba likitanka ba ce ni, kuma ban ga idonka ba, amma a ɗakin da ake wannan aikin nake wuni. Kalma biyu cikin bayaninka su suka tsayar da ni: suga, da tuƙin dare.

Gilashi mai gani uku ba ya ƙara haske, raba wanda ya shigo yake yi. A jikinsa akwai zobba ƙanana da ake sassaƙawa, su ke karkasa hasken gida uku, kamar a raba ruwan famfo ɗaya wa bututu uku, kowanne ya samu amma ƙarfin ya ragu. Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne, masu irin wannan gilashin sun fi rabuwa da tabarau, amma sun fi ganin zobe-zobe da ƙyalli kewaye da fitilu da dare, kuma bambance launuka masu kama da juna cikin duhu-duhu yakan ɗan ragu. To ka ga abu biyun da suka kai ka asibiti ke nan. Sannan in suga ta riga ta taɓa retina, wato shimfiɗar bayan ido inda hoto ke sauka, likitoci da yawa ba sa son dasa shi sam, don idon da ya riga ya raunana bai kamata a rage masa haske ba. Haka ma mai hawan jinin ido da ya ci jijiya. Don haka kafin maganar kuɗi, ka nemi a buɗe ƙwayar idon da magani a duba bayansa, a ɗauki hoton OCT, mai nuna retina daki-daki, in yanar ta bari a gani. Aikin yana kan iya tayar da kumburi a tsakiyar retina ga masu suga, shi ya sa ake son sugar ta daidaita tukuna.

Wani abin da ba a cika gaya wa mutane ba: ganin kusa na mai gani ukun an saita shi ne wajen santimita 40, tazarar karatu. Kafar allura ta fi harafin littafi ƙanƙanta. Za ka iya biyan kuɗin nan duka, ka dawo kana neman tabarau da fitila mai ƙarfi a kan keke. Akwai na tsakiya da suka fito daga baya, irin su Symfony da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2016 da Vivity a 2020, masu tsawaita gani daga nesa zuwa tazarar hannu. Vivity an yi shi ne don rage zoben dare, amma su ma ga ƙananan abubuwa sai da tabarau.

Maganar leza kuwa, a nan zan faɗi ra'ayina kai tsaye: kar yaranka su wahalar da aljihunsu. A 2020 an fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, FEMCAT a Faransa da FACT a Birtaniya, inda aka raba ɗaruruwan marasa lafiya gida biyu, wasu da leza, wasu da hanyar da aka saba. Ganin da aka samu bai bambanta ba, matsalolin ma haka, sai tsada. Hanyar da aka saba ɗin ba tsohon yayi ba ce. Wani likitan ido ɗan Amurka, Charles Kelman, ne ya ƙirƙiro ta a 1967, daga baya aka yi ta inganta ta har ta kai yadda ake yi yanzu: a yi 'yar ƙofa da ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, a farfasa yanar da girgizar sauti a zuƙe ta, a naɗe gilashin a tura shi, ya warware da kansa cikin jakar da ta riƙe na halitta. Galibi ko ɗinki ba a yi. Hannun likita da kyawun awon da aka yi wa idon kafin aiki su ne abin dubawa.

Tsohon Malamin Lissafi:

Malam, ni mai gani ukun aka sa min a ido biyu, kuma ban yi nadama ba. Ina karanta saƙon waya, ina duba kwamfuta, ba tabarau. Amma ba ni da suga, kuma ba na tuƙi da dare. Zoben da Nas ta faɗa gaskiya ne. Kowace fitilar titi ina ganinta da kambu biyu ko uku, da farko har ya dame ni, daga baya ƙwaƙwalwa ta saba, amma bai tafi ba. Da aikina na bin titi ne da dare, da ban zaɓe shi ba.

Ka kuma san wannan tun yanzu: bayan 'yan shekaru idona ɗaya ya sake yin hazo, hankalina ya tashi na ɗauka yanar ce ta dawo. Ashe bayan jakar nan ce ta yi duhu, abin da ke samun mutane da yawa. Da wata leza da ake kira YAG aka huda ta ina zaune a kujera, cikin mintuna, ba yanka.

Ɗalibin Harhaɗa Magunguna:

Baba, kar ka jira maganin ɗigawa. Labarin ya samo asali ne daga wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2015 kan sinadarin lanosterol, wanda ya rage yana a idon zomaye da karnuka. Da wasu masana suka gwada shi a kan yanar da aka ciro daga idon mutane, bai narkar da ita ba. Har yau ba maganin ɗigawa da aka tabbatar yana cire yana. Yana kuma in ta daɗe tana ƙara tauri, aikin ya ƙara wuya. Sannan in kana shan tamsulosin, maganin da ake ba maza masu wahalar fitsari, ko ka taɓa sha ka daina, ka gaya wa likita. Maganin kan sa ɓangaren ido mai launi, wanda ke buɗewa da tsukewa, ya yi laushi yana kaɗawa lokacin aiki, in ya sani zai shirya.

Nas a Ɗakin Tiyatar Ido:

Ɗalibi ya yi daidai, musamman kan tamsulosin. Na manta wani abu, Baba: mai gani ɗayan ba dole a saita shi nesa ba. Ana iya saita shi kusa, ka yi ɗinki ba tabarau, ka sa tabarau in za ka tuƙi. Ana kuma iya saita ido ɗaya nesa, ɗayan ya ɗan matso kusa, sai dai ba kowa ke jure bambancin ba. Ka auna tazarar da ke tsakanin idonka da allurar keke ka kai wa likita, da ita zai yi lissafi.

Mai Keken Ɗinki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yata Nas, na sa tef na auna kamar yadda kika ce, kusan inci 14 ne daga idona zuwa allura. Zan fara neman hoton bayan idon, don rabona da a duba shi saboda suga an jima. Zuciyata ta fi karkata ga mai gani ɗaya a saita shi nesa, tabarau a kan keke ba baƙona ba ne. Saura tambaya ɗaya: bayan aikin, yaushe zan iya komawa kan keke? Ƙurar yadi da burbushin zare ne suke ba ni tsoro.