Saka bidiyo cikin slides a tablet

Malama daga Garwa: Salam 'yan uwa, don Allah yaya ake saka bidiyo a Google Slides a tablet? Darasin wanke hannu zan nuna wa ɗalibaina jibi, so nake su gani da idonsu.

Ɗan Marwa: Malama manhajar tablet ba ta da wurin, ki buɗe Slides a Chrome ki zaɓi shafin kwamfuta, ki shiga Insertion sai Vidéo, daga YouTube ko Drive zai ɗauko, amma fa sai da rezo, wato intanet, zai yi wasa.

Baba Ngaundere: 'Yata in ajinku babu rezo ki koma PowerPoint, ki sauke bidiyon MP4 tukuna ki saka shi ciki. Ki gwada sautin tun a gida.

Malama: Na gode Baba, yau da dare zan gwada.