Ƙanena yana shan ƙwaya, kuma yana jin muryoyi: ta ina za mu fara?

Wata 'yar uwa:
Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema a kan ƙanena, shekararsa 22. Kusan shekara biyu ke nan da muka gano yana shan wiwi da tiramol, kwanan nan kuma Umma ta tsinci rochi a aljihunsa za ta yi masa wanki. Wata huɗu da suka wuce barci ya ƙaurace masa. Ya toshe tagar ɗakinsa da kwali, wai maƙwabta suna zancensa ta cikin bango, abinci ma ba ya ci sai ya ga wani ya fara sa hannu. Mun kai shi asibiti aka rubuta masa wani maganin ƙwaƙwalwa, haloperidol. Kwana uku da farawa wuyansa ya karkace, harshe ya zazzago, idanu suka kafe sama. Umma ta ce iska ce ba ta son maganin asibiti, ta zubar da shi. Yanzu Kawu ya ce a kai shi gidan mari a yanke masa komai rana ɗaya, in ƙwayar ta fita hankalin zai dawo. Ni dai raina bai kwanta ba. Wanne ake fara yi wa magani, shaye-shayen ko ƙwaƙwalwar?

Likitan ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Tare ake yin su, a hannun likita ɗaya. In aka ce sai ya bar sha za a duba ƙwaƙwalwar, muryoyin da rashin barcin ne za su mayar da shi wurin mai sayarwa. In aka ba shi magani aka ƙyale wiwin, kamar ɗiban ruwa da kwando ne.

Ki fara kwantar wa Umma hankali a kan maganar wuya. Wannan sanannen abu ne da haloperidol yake jawowa a kwanakin farko, kuma samari ya fi kamawa. Jijiyoyin wuya da harshe da ido ne suke ɗaurewa. Allura ɗaya a asibiti tana sakin su cikin mintuna, daga nan a rage maganin ko a canja masa wani, kamar olanzapine ko risperidone. Abin yana da ban tsoro ga wanda bai taɓa gani ba, amma ba ya nuna cewa jikinsa ya ƙi maganin asibiti.

Shawarar Kawu kuwa, da girmamawa, tana iya kai shi kabari. Rochi dangin baliyom ce. Wanda jikinsa ya saba da ita kullum, aka tsayar masa farat ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya ko ya rikice ya daina gane mutane. Abin da ake yi shi ne a mayar da shi kan diazepam, wato baliyom ɗin, a awon da likita ya tsara, a riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni. Tiramol ma a hankali ake janye ta. In aka yanke, kafin kwana ɗaya ya zagayo sai gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi, zawo da ƙunci su taso, su tsananta a rana ta biyu zuwa ta uku, su lafa cikin mako guda ko kwana goma.

Ko ƙwayar ce ta haddasa ciwon, ko ciwon ne ya tura shi ga ƙwaya, ba a yanke wannan a zama ɗaya. Ma'aunin shi ne: in ya yi kamar wata guda babu sha, muryoyin da zargin mutane suna nan daram, to akwai ciwo mai zaman kansa da zai buƙaci magani na dogon lokaci.

Masanin magunguna:
Bari in ɗora kan bayanin Likita. Iyakar tiramol ɗin da aka yarda babba ya sha a yini miligiram 400 ne, kuma wadda aka amince da ita a Najeriya mai 50 ce da mai 100. Ta kasuwar bayan fage akwai mai 200, 225, har 250. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haura iyaka, ga shi wasu samarin a shayi ko lemo suke narka uku ko huɗu. Daga nan jijjigar take zuwa. Ki binciko lambar da ke jikin kwalin da yake sha da guda nawa a rana, ki kai wa likita, don da wannan lissafin ake tsara ragewar.

Abu biyu kuma da ake yawan yin sake da su. In za a yi gwajin fitsari, a tabbatar abin gwajin yana da gurbin tiramol, don wanda aka saba amfani da shi na kodin da hodar heroin ba ya kama ta. Wiwi kuwa yakan kai wata yana bayyana a fitsarin mai sha kullum, kada a ƙaryata yaro in ya ce ya bari. Na biyu, maganin da ake bayarwa don hana karkacewar wuyan, benzhexol, shi ne ekzol ɗin da yaran majalisa suke nema ido rufe. In an rubuta masa, ya zauna a jakar Umma, a ba shi na lokaci ɗaya kawai, a tsaya har ya haɗiye. Kuma kada kowa ya sayo masa maganin damuwa irin su fluoxetine ko amitriptyline a kemis, haɗuwarsu da tiramol tana ƙara haɗarin jijjiga da zazzaɓi mai rikita jiki.

Malamin Islamiyya:
Malama, kada a sa Umma ta ga kamar an raina imaninta. A ci gaba da tofi da azkar, ita da kanta ta riƙa yi masa, a haɗa da magani. Abin da ba shi da gurbi shi ne mari da bulala. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Kawu kuma a same shi a keɓe, a roƙe shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita. Babba in aka sa shi gaba ya fi saurin saukowa.

'Yar uwar:
Na gode ƙwarai. To in ya ƙi zuwa fa? Ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

Ma'aikaciyar jinya:
Kada ki yi musu da shi a kan muryoyin, ba za ki ci nasara ba, sai dai ki shiga jerin waɗanda yake zargi. Kada kuma ki gaskata masa. Ki kama abin da shi kansa yake kuka da shi: "Wata nawa rabonka da barcin kirki? Mu je a duba maka wannan." Ki zaɓi safiya, bai sha komai ba, mutum biyu kawai, ban da taron dangi.

Asibitocin ƙwaƙwalwa da za ku iya nufa akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ki riƙe kwalayen duk abin da yake sha, da takarda mai ɗauke da ranar da barcin ya ɓaci da ranar da ya fara zancen maƙwabta. In shan ƙwayar magani kullum ya gagara, ku tambayi allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu.

Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko muryoyin suna umartarsa da wani abu. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, ranar za a tafi asibiti, ko yana so ko ba ya so. Tun yanzu ma a kulle fiya-fiya, maganin ɓera da magungunan Umma.

Lokacin da iyali suka fi sakin jiki shi ne bayan an sallame shi daga asibiti, alhali nan haɗarin yake. Jikin da ya yi makonni babu tiramol ya manta da ita, in ya koma ya sha adadin da ya saba, balle ya haɗa da rochi ko kodin, numfashi yana iya tsayawa. In kika same shi yana wani irin minshari, an girgiza shi bai farka ba, leɓɓa sun yi duhu, ki kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A sa shi a mota zuwa sashen gaggawa, a gaya musu sunan abin da ya sha don su san ko za su yi masa allurar naloxone, mai karya ƙarfin irin su tiramol da kodin a jiki.

Kuɗi a hannu a rage, a saya masa abin da yake buƙata. A sama masa abin yi tsakanin la'asar da isha, lokacin da majalisarsu take cika. In ya zame ya sha, kada a tsayar da maganin asibiti a ranar don fushi. Ku matso da ranar ganin likita, ku faɗa masa me ya sha, guda nawa, da yaushe.