Wane suna za mu sa wa gonar da Baba ya bar mana?

Ɗan Rigachikun:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Babanmu Allah ya jiƙansa ya bar mana gona a wajen Birnin Yero, kan hanyar Zariya, mu bakwai ne kuma mun yarda ba za a raba ba, tare za mu ci gaba da nomawa kamar yadda ya bari. Masara da waken suya muke yi, bara kuma muka ƙara kaji masu ƙwai, yanzu har masu shaguna a Kawo da Mando suna karɓar kiret a wajenmu. To sai maganar rijista ta taso, ana so a buga suna a jikin buhu da takardar rasit, kuma a nan muka tsaya cak yau wata biyu. Yaya babba ya ce sunan Baba za a sa, ƙanwata ta ce Albarka, wani ƙanina kuma wai sai dai sunan Turanci don kwastomomin Abuja. Ni dai raina bai kwanta da ko ɗaya ba, kuma wallahi ba na son abin da mutumin nan ya kwashe shekaru yana zuba wa gumi ya tashi da sunan da aka tsinta a bakin titi.

Uwargida Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa Malam. Maganar sunan mahaifi ku yi tunani sosai. Mu fa ko jikan da aka mayar wa sunan kakansa ba ma kiransa gatsau, sai dai Abba ko Baba ƙarami ko Mai sunan Malam, to ina ga buhu da za a jefar a kasuwa ana takawa? Ranar da kiret ɗaya ya zo da ƙwai ya lalace, mai shago ba zai ce ƙwan gonarku ba, sunan mahaifinku zai kama ya ce kayan wane ba kyau. Kuma ka tuna mahaifiyarku idan tana raye, ita da ba ta taɓa furta sunan nan da bakinta ba, ya za ta riƙa kiran gonar?

Manomin Saminaka:
Hajiya ta faɗi gaskiya amma ni ban ga laifi ba gaba ɗaya, duk wanda ya ga sunan ai zai ce Allah ya jiƙansa, addu'a ce ake samu. Sai dai Albarka kam a haƙura, daga Maraban Jos zuwa Zariya ka ƙirga allunan Albarka da Alheri da Ni'ima ka gani, chemist ma sunan ke nan, mai shayi ma haka.

Abin da zan ce maka, kalmar da kuke nema tana nan tun kaka da kakanni: gandu. Abin da ku bakwai kuke yi shi ne gandu, uba da 'ya'ya ko 'yan'uwa su haɗa hannu a gona ɗaya, rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa a gefe da yake yi wa kansa. Yanzu an daina, da an yi sadakar bakwai sai a kira mai awo a yanka gona a sayar da fuloti. Ku da kuka riƙe, ku sa Gandu a gaba, sai ku nemo abin da zai biyo baya daga jikin ƙasar. Haka mutanen da suke yi, Unguwar Rimi ai rimi ne, Ɗorayi ta Kano ɗorawa ce, Kaduna kanta daga kaddunan kogi ta samo suna.

Mai shagon rijista a Kawo:
Ɗan'uwa ni ta fannin takarda zan shigo. Kafin ku buga komai ku fara duba sunan a shafin intanet na CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, don idan ya yi kama da na wani da ya riga ku za su dawo da shi, kuma a irin su Albarka ɗin nan aka fi samun haka. Ku tanadi suna biyu. Idan an amince ana ajiye maka shi kwana 60 ka ƙarasa rijista. Kalmomi irin su Federal, National ko Cooperative sai da izini na musamman, ku ƙyale su kawai. Sannan dan Allah a sa sunan dukkanku bakwai a matsayin masu shi har da matan, kada a ce Yaya ya wakilci kowa, yau kuna shiri amma 'ya'yanku ne za su karanta takardar nan wata rana. Sunan Hausa kuma ba ya hana ciniki a Abuja, a dai zaɓi gajere wanda mutum zai iya faɗa a waya.

Ɗan Rigachikun:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na je ɗakin Inna na karanta mata duka, ta yi shiru can sai ta ce ai gonar tana da suna, mu ne dai ba mu sani ba. Wai lokacin da Baba ya saye ta daji ne, ya sare komai amma ya hana a taɓa ɗorawa guda uku da ke gefen rafi, a ƙarƙashinsu ake ajiye masa fura idan ta aika, kuma da kalwarsu ta yi daddawar da ta saya mana littattafan firamare. Tsofaffin ƙauyen har yau idan za su yi kwatance Ɗorawa Uku suke cewa. Ni shekarata nawa ina wucewa ta gindin bishiyoyin nan ban taɓa tambaya ba.

Na kira Yaya da safe na ce masa Gandun Ɗorawa Uku, bai ce komai ba sai da na zaci layin ya yanke, sannan ya ce ɗaya daga cikinsu ta fara bushewa ta sama, a nemo wanda zai duba ta kafin damina. Ranar Juma'a za mu zauna da sauran. Malam na Kawo, ƙugiyar da ke kan harafin Ɗ ɗin nan za ta shiga a takardar rijista kuwa, ko Dorawa kawai za mu rubuta?