Kan Vortec a injin 350: wai me ake nufi da "babban kam"?

Mai Sifana: Salamu alaikum jama'a. Abin nan ya ishe ni. Duk wanda ya ɗora kan silinda samfurin Vortec a tsohon injin Chevrolet 350, kafin ya gama ɗaure kusoshi an fara zuga shi wai ya sa babban kam, wato sandar nan mai tozaye da ke buɗe bawul. Kawunan nan fa na a-kori-kura ne, GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ta fito da su a 1996, lambarsu kan ƙare da 906 ko 062. Suna jan iska, ban musa ba, amma sifirin ɗinsu na ƙaramin kam ne. Mutum ya ɗauko kam XE268H na kamfanin Comp Cams mai danna bawul inci .480, ya zura bai auna komai ba. Hular sifirin ta dinga dukan sil ɗin da ke tare mai a gidan bawul, sil ya fashe, inji ya kama shan baƙin mai yana hayaƙi. In da ƙarar kwana, sandar da ke tura roka, wato hannun da ke danna bawul, ta lanƙwashe ko kusar roka ta zaro, tunda dasa ta aka yi, ba ta da zare. A fara auna kan silinda, a sayi kam daga baya. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, XE268H ɗin ne babba? Digiri 224 na juyin inji bawul ɗin shiga ke yi a buɗe, na fita 230, in an auna daga inda kam ya ɗaga inci .050. Wannan matsakaici ne. Sai kam ya haura 240 ake kiransa babba.

Mai Sifana: Injiniya, ni maganar zurfin danna bawul nake yi.

Injiniya: To ka ce mai zurfi. Girman kam daɗewar da bawul yake yi a buɗe ne. Ita ke sa sulo ya dinga rawa, ita ke kai ƙarfin inji can sama, ita ke cinye zuƙar iska ta inji da birki yake dogaro da ita. Zurfi bai taɓa hana mota sulo ba.

Baban Gareji: Yaro, a hankali. Tun 1967 da 350 ya fito a Camaro, in makaniki ya ce kam ya yi girma, nufinsa ya fi ƙarfin abin da ke kewaye da shi. Kam ɗin da ya yi wa inji mai matsi 8.5 yawa (matsi shi ne sau nawa fistan ke matse cakuɗin iska da mai), a mai matsi 10.5 lafiya lau zai zauna. Girma ba lamba ɗaya ba ce.

Injiniya: Baba, da girmanka, ai ka dawo kan maganata. Matsi da digiri ke tafiya. Kam mai dogon digiri yana jinkirta rufe bawul ɗin shiga, fistan ya riga ya taso, wani kaso na cakuɗin ya koma baya. Shi ya sa yake neman matsi mai yawa. Ina zurfi ya shigo nan?

Malamin Lissafi: Bari in sa lamba. Silinda ɗaya ta 350 tana ɗaukar kusan cc 717. Tsofaffin kawunan shekarun 1970, irin 882, ɗakin ƙonewarsu cc 76 ne, na Vortec 64. In injin yana kan 8.5, sararin da ya rage sama da fistan kusan cc 95.5 ne. Cire 12, saura 83.5. Raba 717 da shi, ƙara ɗaya, ka sami wajen 9.6. Ke nan canjin kai kaɗai ya ɗaga matsi da sama da maki ɗaya. A wannan matsin, kam mai digiri 218 zuwa 224 ya zauna daidai. In ka yi ƙasa sosai da digiri, ga kan ƙarfe mai riƙe zafi, inji zai fara ƙarar fistan a kan tudu in man ba mai kyau ba ne.

Ɗan Ford: Duk wannan wahalar a kan kan motar ɗaukar kaya? Mai Sifana ma da bakinsa ya ce na a-kori-kura ne. Ku dawo injin Ford 302 ku huta.

Baban Gareji: Kai kuma wa ya kira ka? Kawunan GT40P da kuke rububi ba daga motar Ford Explorer ake kwance su ba? Su ma sifirin ɗinsu sai an canza, ga fulogi a karkace, sai ka yi yawon neman bututun hayaƙin da zai shiga ba tare da ya ƙone waya ba. Laifi tudu ne.

Ɗan Ford: Aƙalla manifol ɗinmu, wato hanyar shigar iska inji, na hawa. Ku kuwa sai kun sayi sabo mai kusa takwas a maimakon sha biyu, ga murfin bawul mai kusa a tsakiya, ga roka mai saita kanta. A haɗa kuɗin, ina arhar?

Mai Sifana: Don Allah a dawo kan magana. Sil nake cewa yana fashewa.

Injiniya: Sai ka janye kalmar babba tukuna.

Hajiya Mai Camaro: Ku bar shi ya yi magana mana. Amma Malam Mai Sifana, iyakar zurfin da kan zai ɗauka nawa ce? Wasu na cewa .420, wasu .450, wasu .480. Wanne za a kama?

Mai Sifana: Yawwa Hajiya, Allah Ya saka. Kada ki kama ko ɗaya, don kai da kai na bambanta. Cire sifirin, a mayar da hula da makullanta a kan bawul, a ja shi ya zauna ɗam. A kafa agogon awo a kan hular, a tura bawul ƙasa a hankali har hular ta taɓa sil. Abin da agogo ya nuna, a cire inci .060, saura shi ne iyaka. Bawul goma sha shida ne, a auna dukkansu, mafi ƙanƙanta shi ke hukunci. Sannan a duba sifirin kada zobbansa su haɗe, nan ma a bar .060. In bai isa ba, ko a kai wa mai injin yanka ya rage tsayin gidan bawul, ko a sa sifirin mai siffar amya, mai tsukakken sama da ƙaramar hula.

Malamin Lissafi: A ƙara da roka. Tozon kam .320 sau 1.5 shi ne .480. Wani ya ga roka 1.6 ya saya don kwalliya, ya koma .512 bai sani ba. Kuma fistan da bawul a gwada da yumɓu: .080 a na shiga, .100 a na fita.

Injiniya: Kun gani? Roka ta ƙara zurfi, kam ɗin bai canza ba. To yanzu ya zama babba ke nan? A ba ni amsa.

Baban Gareji: Amsarka tana wurin birki. Sa kam mai digiri 240 a mota mai giya otomatik da kwanbata ta asali, wato abin da ke haɗa inji da giya, da giyar baya 3.08. A danja sai ta dinga fizga tana neman mutuwa, zuƙa ta faɗo ƙasa da inci 12 a agogon awonta, feda ya yi tauri kamar dutse. Irin wannan sai kwanbata mai sakin inji har wajen juyi 2,500 a minti ko sama, da giya 3.73.

Injiniya: Baba ai ni kake goya wa baya!

Baban Gareji: Ban goyi bayan kowa ba, rashin kunyarka ce ba na so.

Ɗan Ford: Wa ke da takardar gwajin ƙarfi a cikinku? Ko ɗaya.

Hajiya Mai Camaro: Kai ma kawo taka. Ni abin da ba wanda ya taɓo: XE268H mai tafet shafaffe ne, tafet kuwa shi ne abin da ke hawa tozon kam. In ba a sa mai mai zinc ba, aka kuma bar inji a sulo a tashin farko, tozo zai cinye kafin sil ɗin ma ya fashe. Minti 20 zuwa 30 tsakanin juyi 2,000 da 2,500, ana ɗan ɗagawa ana saukewa. In sifirin biyu ne a cire na ciki sai an gama.

Injiniya: Hajiya, a 1987 GM ta koma tafet mai taya a 350 na ƙananan motoci. Wa ke wahalar da kansa da shafaffe yanzu?

Baban Gareji: Wanda bulon injinsa na 1972 ne, kuma ya tambayi kuɗin tafet mai taya na tsohon bulo ya ji.

Mai Kula da Zaure: To, za a rufe. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda girman kam a digiri yake, kamar yadda Injiniya ya yi bayani tun farko, kuma Baba ya tabbatar da misalin birki. Saboda haka XE268H ba babba ba ne, ya dace da 350 mai matsi 9.5 zuwa 10. Mai Sifana ya kawo wata 'yar magana a kan sil, mai so ya duba. Batun Ford ba a nan ba ne, kuma a gaskiya 302 bai kai a haɗa shi da 350 ba.

Mai Sifana: 'Yar magana? Ranka ya daɗe, ita ce fa maganar da na buɗe zauren da ita.

Baban Gareji: Kuma a cire sunana daga wannan hukuncin.